Sarewar Kara a Tsakiyar Damina

Litinin, 7 ga Yuli, bayan La'asar

Yau yaran suka busa waƙar tun daga farko har ƙarshe ban tsayar da su ba. Da suka kai ƙarshe sai suka yi tsit suna kallon juna kamar waɗanda suka fasa tulu. Mudi ne ya fara dariya, sauran suka kama. Na juya ina goge allo, alhali babu komai a rubuce, don kada su ga idona.

Tun kakar bara muka fara. Ranar da na ce wa Hedimasta, Malam Isah, ina son in riƙa tsayar da 'yan aji biyar da na shida bayan an tashi in koya musu busa, abin da ya tambaya kawai shi ne ko makaranta za ta kashe wani abu. Na ce karan dawa ne, a kowace gona yana zube. Ya ce to je ka yi ta yi.

Dabarar da nake alfahari da ita ita ce damin karan da na ajiye a rufin sito tun lokacin girbi. A garin nan yara kan yi sarewar kara da kaka ne kaɗai, su yi ta hura mata iska ba kai ba gindi, kara ya ƙare su manta sai wata shekara. Ta yaya hannu zai faɗa a haka? Ni kuwa duk wanda tasa ta tsage sai in zaro sabon kara, mu ƙwaƙule cikinsa, mu huda da ƙusa mai zafi. Ga mu nan a tsakiyar damina muna busa.

Raudatu ta fi kowa, kuma ta sani, abin da ya ɓata ta ke nan. A makaranta ni Malam ne, da mun fito ƙofa kuwa na koma mijin yayarta. Yau a hanya ta ce, "Yaya Awaisu, don Allah ka daina kumbura kumatu in kana busa, kamar kwaɗon rijiya. Kai kake sa mu dariya mu ɓata." Na ce zan gaya wa matata Mero ta daina zuba mata tuwo in ta zo. Ta ce ai tuwon gidanmu ma da masarar Babanta ake yin sa.

Ranar rabon sakamako, Alhamis ta ƙarshen wata, za su busa a gaban iyayensu. Hedimasta ya amince.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Jiya mun tashi daga busa ke nan iska ta taso daga gabas. Ban taɓa ganin irinta ba, ko a Funtua da na girma. Ta ɗage kwanon aji ɗaya ta jefa shi bayan makaranta. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni.

Da safe na zaga gonaki. Masarar da ta fara goyo duk ta kwanta, kamar an shimfiɗa tabarmi daga nan har bakin rafi. Na tarar da Baba Alhaji, surukina, tsaye a bakin tasa, hannuwansa a baya. Na durƙusa na yi masa jaje. Ya ce "Haka Allah Ya so," bai juyo ba.

Tasa ta fi ta kowa kwanciya. Tun da ɓarayi suka kore masa shanun huɗa bara, abin da ba a tayar da maganarsa a gidan, bana feshi kawai ya yi ya watsa taki. Masara ta yi tsawo, gindinta babu ƙasa. Na daɗe a tsugune ina jin tausayinsa.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Rabin yaran ba su tsaya busa ba. Na tambayi Mudi, ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, Innata ce ta ce wai mu muka kira ta."

"Kuka kira wa?"

"Iskar."

Na yi dariya har na dafa tebur. Babu wanda ya taya ni.

Sai yanzu na tuna. Farkon damina tsohuwar da ke tuyar ƙosai a ƙofar makaranta ta ce mini, "Malam, ba a busa kara amfani na tsaye." Na ɗauka tsokana ce irin tata, na ce ta ƙara mini ƙosai in daina.

Jumma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko

Na tare Liman a bayan masallaci na gaya masa abin da ake faɗa. Ya ce camfi ne, iska ta Allah ce, Shi ke aiko ta inda Ya so, yaro da kara a baki ba shi da iko da ko ganye ɗaya. Na ji kamar in rungume shi. Na ce to ko zai faɗa wa mutane haka da bakinsa?

Ya gyara rawani. Ya ce, "Ni ban yarda da zancen ba, Malam Awaisu, kai ma ka sani. Amma mutane na cikin zafi. A bari su huce."

Asabar, 12 ga Yuli, da yamma

An aiko daga gidan su Mero wai ta je ta taya Inna aiki. Ta tafi da hantsi.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan La'asar

Hedimasta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ba ni kujera, abin da bai saba yi ba.

"Ni da na yi digiri a kan kimiyya zan yarda kara na kiran iska? Haba Malam Awaisu. Ni ban yarda ba sam. Amma ka san kwanon nan da ya tashi, iyayen yara za mu roƙa su mayar da shi."

Na ce masa na yi waya da wani abokina a Tsiga, can ma masara ta kwanta. A Dandume har bishiyoyi suka faɗi a kan hanya. Wa ke busa sarewa a Dandume?

Ya ce wallahi wannan hujja ce mai ƙarfi, in riƙe ta da kyau. Sannan ya ce in dakata da busa na ɗan lokaci.

Ban dakata ba. 'Yan kaɗan suka tsaya, muka rufe tagogi muka busa a hankali kamar masu cin naman sata. Raudatu ba ta cikinsu, an ce ana tashi ta wuce gida. Abin ya ba ni ƙyama, rufe tagogin nan. Waƙar da muka haɗa da hannunmu, wadda babu zagi babu batsa a cikinta, ita muke ɓoyewa.

Talata, 15 ga Yuli, kafin Magariba

Na kai wayata caji shagon Murtala, ƙanin Mero. Majalisa cike, kiɗa na tashi daga lasifikarsa har kwanon shagon na rawa. Yana ganina ya ce, "A'a, ga mai iska nan. Yaya Malam, yau ta wace kusurwa za a turo mana?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, don wasa ne tsakaninmu tun ranar da na auri yayarsa. Na kawo masa zancen Tsiga da Dandume. Ko ɗaga kai bai yi daga wayoyin da yake jerawa ba ya ce, "To ai iska ba daga rami take fitowa ba. In an kira ta nan, dole ta bi ta garin wasu kafin ta iso. Su ma hakkinsu na wuyanka."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko. Na ce, "Murtala, tsakaninka da Allah ka yarda da wannan magana?"

"Ni? Ina. Ni ɗan zamani ne. Amma ka ga gonar Baba?"

Na karɓi wayata ba ta cika ba.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Mero ba ta dawo ba. Na dafa taliya ta caɓe, na ci a haka.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

An yi zama a zauren Mai unguwa Sanda. Ni da Hedimasta, da iyayen yara maza, da dattawa. Baba Alhaji na gefen Mai unguwa yana jan carbi.

Na shirya magana tun jiya. Na gaya musu abin da busa ta yi wa yaransu. Yaron da ba ya iya zaman minti biyar yanzu yana zama ya saurari na kusa da shi don kada ya riga shi shiga. Sun koyi jira, sun koyi maimaita abu har ya gyaru ba tare da an ɗaga musu bulala ba. Masu gudun makaranta ranar kasuwa sun daina, don kada a yi busa ba su. Na ce ku zo ku ji su sau ɗaya kawai.

Aka ce madalla, Allah Ya saka wa Malam.

Sai aka shiga zagaye. Kowa ya buɗe baki da abu ɗaya zai fara: shi dai bai yarda ba. Mahaifin Mudi bai yarda ba, amma matarsa ta hana shi barci. Mai shayi bai yarda ba, amma abin da aka gada an gada. Har na fara jira in ji mutum ɗaya da zai ce ya yarda, in tashi in ba shi hannu. Da shi kaɗai zan iya yin gardama. Ta yaya za ka yi gardama da zaure guda na mutanen da duk sun riga sun ce kai ke da gaskiya?

Tsoho Bature ne ya ɗan kusa. Ya ce, "Mu dai da muna yara, aka kama ka da kara a baki kafin girbi, kunnenka zai yi kwana uku yana zafi."

Na ce, "Baba, don me?"

"Wa ya tambaya? Kai a zamaninmu ana tambaya?"

Na ce ni a ganina manya sun faɗi haka ne don kada yara su shiga gona su karya ɗanyen kara su yi sarewa. Nawa kuwa busasshe ne na bara, babu gonar da aka taɓa.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙila haka ne. Kana da kai, yaro. To amma iskar ta zo ko ba ta zo ba?"

Maganar huɗa ta zo mini har bakin leɓe. Na dubi inda Baba Alhaji yake, na haɗiye ta. Bai ce uffan ba tun da aka zauna, amma duk wanda ya gama magana shi yake kallo.

An yanke: a tattara sarewun da damin karan da ke sito a kai gidan Mai unguwa, sai an yi girbi. Kuma wai don girmamawa, ni zan tattara da kaina.

Jumma'a, 18 ga Yuli, da hantsi

Na tsaya a gaban aji da buhun taki wanda babu komai a ciki. Na yi musu fara'a iyakar iyawata. Na ce kara ne fa, ba zinariya ba, da kaka za mu yi waɗanda suka fi waɗannan. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sakawa. Wasu sun yi wa nasu ado da zaren lilo, wata ta rubuta sunanta da biro. Raudatu ta jefa tata ba ta dube ni ba.

Mudi ya zo da tasa a naɗe cikin leda, yana riƙe da ita da yatsu biyu. Ya ce, "Malam, in mutum ya taɓa ta kawai bai busa ba, ba komai ko?"

Karan ba ya damuna, gonaki cike suke da shi. Abin da nake tsoro shi ne kaka ta zo in miƙa wa yaran nan sarewa su noƙe hannu. Manya sun ce ba su yarda ba suna wasa da baki, yara kuwa ba su iya wannan ba. Abin da suka ga an yi shi suke ɗauka.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Na je gaida surukai. Baba Alhaji ya amsa daga cikin ɗaki. Inna ta kawo mini fura, ta yi ta ba ni labarin ciwon ƙafarta. Da ƙyar na sami Mero ita kaɗai a bakin murhu, tana fama da ɗanyen itace.

Na ce aikin bai ƙare ba ne?

Ta ce, "Baba bai ce kada in koma ba."

"To mu tafi."

"Bai dai ce in koma ba."

Hayaƙi ya sa tana share ido, ko kuma ba hayaƙin ba ne. Ta ce ba ya cin abinci, da Asuba yake fita gona yana ɗaga masara ɗaya-ɗaya yana tokare ta da ƙasa da hannunsa, mutum mai shekarunsa. Ta ce in yi haƙuri. Sannan ta ce, "Ka san ni ban yarda da zancen nan ba, amma…"

Ban tsaya jin sauran ba. Na ce mata ana jirana.

Talata, 22 ga Yuli, lokacin tara

Mudi ya kawo rahoto, ba wanda ya aike shi: matar Mai unguwa na hura wuta da sarewunmu, wai itace ya jiƙe, su kuwa kamar fetur. Wato ajiya ke nan sai an yi girbi.

Na gwada su da waƙar baka da tafi, tunda ba a hana wannan ba. Suna yi suna leƙen taga. Ɗazu wani ɗan aji biyu ya yi fito a bakin famfo, yayarsa ta kai masa mari ta nuna masa sama.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Mero ba ta dawo ba. Tsit a makaranta, tsit a gida. Lasifikar Murtala kaɗai ke da izini.

Jumma'a, 25 ga Yuli, da safe

Jiya da La'asar iska ta sake zuwa. Ba ta kai ta farko ba, amma ta kwantar da abin da aka tokare, ta haɗa da gero.

Zan rubuta gaskiya tunda babu mai karantawa. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon bishiyoyi na sunkuyawa, na ji daɗi. Abincin mutane na zubewa ƙasa, ni kuwa ina cewa a raina to ga shi nan, sarewa ta zama toka, yanzu sai ku faɗi wanda ya kira wannan. Na yi istigfari daga baya, amma na ji daɗin.

Ban san garin da nake zaune ba. Kafin in gama karyawa magana ta zaga: wani yaro ya ɓoye tasa.

Jumma'a, bayan an sauko

An zazzage jakunkunan yara a filin makaranta, Hedimasta na tsaye yana cewa don a wanke su ne daga zargi. An sami guntun rogo, da ƙwallon tsumma, da kan 'yar tsana. Ba a sami kara ba.

Sai aka ce to a duba wadda ta fi kowa zaƙewa.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Mero ta kira ni a waya, karo na farko. Murtala ya birkice ɗakin Inna yana neman sarewa a kayan Raudatu, har cikin rumbu ya shiga. Bai samu ba. Abin da ya yi bayan bai samu ba, Mero ta faɗa mini, ba zan rubuta shi ba. Ɗan zamani.

Na ce Baba fa? Ta ce yana gona.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan La'asar

Raudatu ta zo makaranta, hijabinta ja har goshi, tana zama a karkace. Da aka tashi na bi ta a hanya na rage tafiya daidai da tata. Na tsokane ta da cewa kwana biyu tuwonmu na kwana, babu mai cinye mana. Ba ta yi dariya ba.

Muna kusa da rijiya ta tsaya. Ta ce, "Malam."

A hanya ba ta taɓa ce mini Malam ba.

"Wallahi ban ɓoye ba. Na sa a buhu, ka gani."

Na ce na gani, na kuma san ba ta ɓoye ba.

"Amma ranar Alhamis ɗin ina wanke-wanke, sai waƙar ta zo mini. Ban buɗe baki ba. A cikin kaina na yi ta, ina taɓa yatsuna a jikin ludayi. Har sau biyu. Ban daɗe da gamawa ba ta taso." Ta dube ni. "Ta cikin kai ma tana kira?"

Na tsuguna a gabanta. Na yi mata bayanin da nake yi a aji, yadda rana ke dafa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama, mai sanyi ta rugo ta maye gurbinta. Na gaya mata abin da Liman ya ce. Na ce ko duk yaran Katsina za su taru su busa, ba za su motsa ganye ɗaya ba. Ta saurara har na gama, yarinya ce mai ladabi idan ta so.

Sai ta ce, "To me ya sa ka tara su a buhu?"

Na ce manya ne suka yanke.

"Amma kai ka riƙe buhun."

Ta wuce gida. Na daɗe a bakin rijiyar har wata mata ta tambaye ni ko guga nake jira.

Talata, 29 ga Yuli, da safe

Kwana da kwanaki ina ƙyamar mutanen garin nan saboda kalma ɗaya, ashe har da ni a zauren. Ni ma ban yarda ba, amma surukina ne. Ni ma ban yarda ba, amma ina son matata ta dawo.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan La'asar

Hedimasta ya nuna mini tsarin taron gobe. Addu'a, jawabinsa, jawabin Mai unguwa, roƙon kuɗin kwanon aji, rabon sakamako, addu'a. Ya ce in kula da jera kujeru.

Da na dawo gida na zaro kara ɗaya daga dangar bayan ɗaki. Ya sha ruwa ya sha rana, ba irin wanda zan zaɓa ba ne. Na hura gawayi na sa ƙusa. Na yi ta, ban gwada ta ba.

Mero ta aiko da tuwo a hannun wani yaro. Ban sani ba ko ta sake aikowa bayan gobe.

Alhamis, 31 ga Yuli, kafin Magariba

An yi taro. Iyaye sun zo da yawa, har mata a bayan aji uku. Baba Alhaji na layin gaba kusa da Mai unguwa, ya rame, babbar rigarsa ta yi masa yawa. Tun ana jawabi hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane na satar kallonsa.

Da aka gama rabon sakamako, kafin Liman ya ɗaga hannu, na fito tsakiyar fili na zaro sarewar daga aljihu. Na ce, "Jama'a, an yi wa yaran nan alkawarin busa yau. An karɓe nasu, ba a karɓi tawa ba, don jiya na yi ta. Duk wanda ya yarda kara na kiran iska ya faɗa yanzu a gaban kowa, in mayar da ita aljihu."

Mai shayi ya dubi mahaifin Mudi, shi kuma ya dubi takalminsa. Hedimasta ya matso ya ce a hankali, "Malam Awaisu, wannan ba ya cikin tsari." Na ce, "Ka yarda ke nan, ranka ya daɗe?" Ya koma ya zauna.

Na busa.

Ban taɓa jin mummunar sarewa irin wannan ba. Karan ya tsage ta gefe, hudar ƙarshe ta karkace, sautin na fita kamar kukan ɗan akuya da aka taka. Na ci gaba. Wasu mata suka ja 'ya'yansu suka nufi ƙofa. Murtala ya taso daga baya, Tsoho Bature ya tare shi da sanda ya ce, "Zauna, ai ka ce kai ɗan zamani ne." Yarana na tsaye a layi, idanunsu na kaiwa da komowa tsakanina da hadari. Babu wanda ya motsa. Na kai tsakiyar waƙar na fara tunanin na yi asarar komai a banza, na tozarta surukina a gaban gari, kuma ko yaro ɗaya ban dawo da shi ba.

Sai na ga Raudatu ta fito daga layi. Ba wurina ta fara zuwa ba. Ta je gaban mahaifinta ta durƙusa. Ya daɗe yana kallonta. Ni dai ban ga ya gyaɗa kai ba, ban kuma ga ya girgiza ba. Ya mayar da idonsa kan carbinsa.

Ta taso ta zo ta miƙo hannu.

"Kawo. Kana kashe mana waƙa."

Ta toshe tsagin da babban yatsa, ta ɗaga kai ta dubi gabas sau ɗaya, ta sa a baki. Farkon ya fita a raunane. Daga baya ya daidaita, har Mudi ya fara buga cinyarsa yana bin ta, ya tuna, ya daina, ya sake farawa. Ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba.

Babu tafi. Liman ya yi addu'a a gurguje aka watse, kowa na sauri yana kallon sama. Baba Alhaji ya wuce ta gabana, na durƙusa, bai tsaya ba.

Na miƙa wa Raudatu hannu in karɓi sarewar don kada a gan ta da ita a gida. Ta ƙi. Ta riƙe ta a fili, ba ta sa cikin hijabi ba. Ta yi taku kaɗan ta juyo.

"In ta zo yau, kai ka kira ta. Kai ka fara. Ni gyara maka kawai na yi."

Na ce na ji, ni ne. In an tambaye ta ta ce ni ne, in ba a tambaye ta ba ma ni zan je in faɗa.

Ta ce to, ta tafi.

Yanzu ina zaune a ƙofar ɗaki. Mero ba ta dawo ba, tuwo bai zo ba. Hadarin ya rufe gabas gaba ɗaya, ya yi baƙi ƙirin, ganyen darbejiya ya fara motsi. Daga can wajen gidan su Mero ina jin sarewa, tana tsayawa tana sake farawa daga wurin da hudar ta karkace.